Agarar Gidanmu

Ruwa ake yi ranar da na sauka ƙasar Holan, wani siririn ruwa marar tsawa wanda a Dandume ko noma ba za mu fasa saboda shi ba. Amma kafin in gano gidan da aka ce an kama mini ɗaki, ya jiƙa ni sharkaf. Na danna ƙararrawa, wata tsohuwa ta leƙo rungume da ƙaramin kare. Na nuna mata hoton ɗakin a wayata. Ta duba hoton, ta dube ni, ta ce gidanta ne kam, ɗakin ma nata ne, amma ita ba ta taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ne na farko da aka turo mata ba. Mutumin da muka shirya da shi tun ina Zariya, mai kirana ɗan'uwa a kowace magana, daga ranar har yau wayarsa a kashe take. Allah ya isa dai na yi masa, kuma ban janye ba.

Sunana Mannir, kuma ni matsoraci ne. Ba yau na fara faɗa ba, a gidanmu kowa ya sani. Yayana Lawal, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba, shi ya fi kowa yayata ni. In na ɗauki fartanya sai ya fizge, ya ce, "Ajiye, kar ka sare ƙafarka a ce ni ne. Je ka wajen littafinka, raggo." Da wannan gorin na yi firamare, na yi sakandare a Funtuwa, na karanta ilmin sinadaran jiki a Zariya, har na samu gurbin bincike a Turai. Ranar da zan tafi ko tasha bai raka ni ba, ya ce yana da huɗa.

To ga raggon nan a bakin titin Turawa da akwati biyu, ga kekuna suna wucewa fuu kamar za su kwashe ni, ga kududdufai masu zurfi a kowane lungu, ni kuwa ko a rafin garinmu ban iya iyo ba. Na ja akwatuna har na hango wani kantin nama da rubutun Larabci. Na shiga don in fake, na tsaya ina ɗiga, ban san bakina ya furta ba, na ce, "Innalillahi, na shiga uku."

Daga bayan kanta wani dattijo baƙi mai farin gemu ya ce, "Wa ya shiga uku da rana tsaka?"

Wallahi saura kaɗan in faɗi. Malam Haruna ke nan, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a can ba su dawo ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai in riƙa jin kamar kakata ce ta dawo duniya. Ya ji labarina, ya yi tsaki, ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman kantin, inda yake ajiye buhunan shinkafa. A nan nake zaune har yau, kuma duk Juma'a matarsa sai ta aiko mini da miyar kuka.

Zango na biyu shi ne wurin aiki. Shugabarmu wata doguwar mata ce mai furfura, Farfesa Anika, likitar zuciya da ta bar asibiti rabi ta koma bincike. Gaisuwarta kalma ɗaya ce. Babu "ya gida", babu "ya gajiya", babu "ya ka ji da sanyi". Na yi watanni ina zaton ta tsane ni, ashe haka take gaida kowa. In na ji takunta a baranda sai in duƙufa kan aiki, don takardar zamana a ƙasar da aikin take ɗaure. In ta ce in tafi, tafiya ta kama ni.

Aikin kuwa ɓeraye ne. Ni da na baro Dandume inda muke bin ɓera da sanda a rumbu, ga ni ina yi masa shimfiɗa ina auna masa abinci. Akwai wani maiƙo da ke yawo cikin jinin kowa, shi ne ake kira kolestarol. Jiki yana buƙatarsa, kuma hanta tana da wasu 'yan ƙofofi da take kwashe rarar da su. Ɓerayenmu an haife su babu waɗannan ƙofofin, don haka maiƙon sai ya taru, ya shige cikin bangon jijiyar jini. Sojojin jiki su taso su cinye shi, su ma su maƙale a wurin, bangon ya kumbura kamar maruru. Wata rana marurun ya fashe daga ciki, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. In a jijiyar zuciya ce, shi ke nan. Mu kumburin muke bincike, me ke tayar da shi, me zai kwantar da shi. Kullum sai na buɗe jijiyar ɓera a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, in ga abin nan rawaya-rawaya kamar man shanu ya daskare a bakin ƙwarya. Ina yi ina tausaya wa alhazan birni masu tumbi, don a ganina ciwonsu ne. Ni da nake kamar karan dawa, me ya haɗa ni da shi?

Da sanyi ya shigo, rana ta zama guntuwa. Azahar da la'asar suka matso juna, masallaci kuma da nisa. Sai na tsiri yin alwala a ɓoye, a wurin wanke hannu na ɗakin da muke canza kaya, lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Na san ba a so. Na taɓa jin wani abokin aiki yana mitar ana jiƙa musu daɓe.

Ran nan na naɗe wando, na ɗaga ƙafar dama na sa a kwamin, ina cuɗa diddige, sai ƙofa ta buɗe. Farfesa Anika.

Na daskare da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe. A zuciyata har na hango kaina a tashar Funtuwa da akwatuna, Yaya Lawal yana cewa ai dama ya faɗa. Na fara ba ta haƙuri, ina ƙoƙarin sauke ƙafar.

Ta ce, "Kar ka sauke."

Ba fuskata take kallo ba, bayan ƙafata take kallo. Ta ajiye jakarta, ta matso, ta ce ko na yarda ta taɓa. Ban ma san na ɗaga kai ba. Ta sa yatsu biyu ta matsa agarata, jijiyar nan ta saman diddige, ta bi ta sama da ƙasa. Ta ce in nuna ɗayar. Sannan ta ce, "Tun yaushe take da kauri haka, da waɗannan ƙullutai?"

Sai na ji sanyi a raina, har da ɗan murmushi. Ashe ba kora ba ce. Na ce mata ai wannan gado ne, agarar gidanmu ke nan.

Dole in tsaya in yi bayanin wannan, don duk abin da ya biyo baya a kanta yake. A gidanmu, in saurayi ya haura ashirin, ƙanwar kakanmu, Goggo Rabi, takan kira shi ta ce ya miƙo ƙafa. Ta lalubi bayan diddigensa. In ta ji kauri da ƙullutu sai ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Agara ta nuna! Wannan jinin gida ne." Daga nan a yanka masa gayaunarsa, a fara yi masa zancen aure, in an yi gayya shi ake sa wa a gaba, don an ce mai agara ba ya gajiya a kan kunyar gona. Wanda bai da ita kuwa a yi ta tsokanarsa, a ce dangin uwa ya biyo. Baba yana da ita. Baffa Isa yana da ita. Yaya Lawal tasa har ta fi ta kowa, takalmin roba ma yanka bayansa yake yi. Ni da tawa ta fito ina jami'a, daɗi na ji ba kaɗan ba. Ko ba komai raggo ma ɗan gida ne.

Na gama ba ta labari ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Mahaifinka yana da rai?"

Na ce a'a.

"Yana da shekara nawa ya rasu?"

Na ce bai kai hamsin ba, ko furfurar kirki bai yi ba. A gonar auduga ya dafe ƙirji ya durƙusa.

"Baffan naka fa?"

Baffa Isa a kan keke ya faɗi, yana dawowa daga kasuwar Dandume. Akwai kuma wani yayansu da ban taso na gani ba, shi ma a gona. A bainar jama'a ajali muke cewa, kuma ajalin ne. Amma a tsakar gida, in mata sun rage murya, zancen daban ne. Kakan kakanmu Bamaguje ne. Da ya musulunta ya daina yanka wa Doguwa baƙar akuya a gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonarmu, shi ne wai take karɓar haƙƙinta, tana zaɓar mafi ƙarfi a cikin maza. Malamai sun hana faɗa, amma babu yaron gidanmu da ke yarda ya huta a inuwar tsamiyar nan.

Farfesa ta miƙe ta ce, "Gama wankinka ka yi sallarka. In ka idar ka same ni, za a ɗebi jininka."

Sallar nan ban san me na karanta a cikinta ba.

Da sakamakon ya fito, da kanta ta zaunar da ni. Ta ce ƙullutan nan ba ƙarfi ba ne, maiƙon ne ya rasa wurin zuwa ya taru a jijiya. Abin da ya taru a agara ya taru a wani wurin da ido ba ya gani. Ta ce hantata rabin ƙofofi take da su, kuma ba abinci ne ya jawo ba, haka aka haife ni. Duk wanda ke da abin, kowane ɗansa yana iya gadowa, yana iya tsira.

Na ce, "Kamar ɓerayenmu?"

Ta ce, "Su ba su da ko ɗaya. Kai kana da rabi, kuma akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum. Kai ka zo da wuri. Wa kake da shi a gida mai irin ƙafarka, wanda ya girme ka?"

Yaya Lawal. A lissafina, shekarunsa sun kusa cim ma na Baba.

Washegari na koma kan madubi, na buɗe jijiyar ɓera, na ga rawayan nan, sai almakashi ya suɓuce mini ya faɗi. Na fita da gudu na yi amai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma ni na san kamannin abin, kullum ina ganinsa da idona.

Na kira Yaya. Yana gonar masara, ina jin ƙarar ganye da muryoyin 'yan ƙwadago. Na zuba masa bayani tiryan-tiryan kamar ina gaban ɗalibai, hanta, ƙofofi, kumburi. Na ce ya je Funtuwa a auna jininsa, yau ba gobe ba.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai Mannir! Wato bokon ya kai ka inda za ka ce agarar gidanmu ciwo ce? Ni da nake ɗaukar buhu biyu? Ciwon maiƙo ai sai masu cin kaji. Ni ina na ga maiƙo, a tuwon dawa?"

Na ce, "Yaya, abin da ya kashe Baba ke nan. In ba ka je ba kai ma..."

Ya katse wayar.

Da yamma Iya, mahaifiyarmu, ta sa aka kira mata ni. Tunda nake ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "Mannir, mugun baki ka koyo a can? Yayanka da ya ci da kai ya sha da kai, shi kake yi wa fatan mutuwa, a waya, yana tsakar gona? Ka sake furta wannan magana ban yafe ba." Na yi ta ba ta haƙuri ina kuka kamar yaro. Ni haushi ma ya kama ni daga baya, na yi jifa da wayar a kan buhun shinkafa, na ce ai shi ke nan, kowa ya yi ta kansa.

Ban iya yin ta kaina ba. Bayan 'yan kwanaki matar Yaya, Hadiza, ta kira ni a ɓoye daga gidan maƙwabta. Ta ce, "Malam Mannir, ni dai tsoro nake ji. Tun damina in ya yi huɗa sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya ce olsa ce, jar kanwa yake jiƙawa ya sha." Na ce mata ta saurare ni da kyau. Duk ranar da ciwon ya zo bai tafi ba, ko ta ga gumi yana keto masa, kar ta tsaya jiƙa kanwa, kar ta tsaya neman izinin kowa, ta nemi mota a yi asibiti da shi. Ta ce to.

Daga nan na shiga zangon da ya fi kowane muni. Kun san halinmu, ba a gaya wa na nesa mutuwa. Lokacin da Baba ya rasu ina makarantar kwana, cewa aka yi, "Jikin Baba ya ɗan motsa, ka zo gida." Na taho da lemo a leda, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an riga an dawo daga maƙabarta. Saboda haka ko an ce mini lafiya lau, ban yarda ba. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida, sai in ce shi ke nan, ta faru. In ba ta yi ƙara ba kuma in ce ɓoye mini ake yi. Na riƙa kira ina cewa a ba ni Yaya, ya ƙi karɓa, sai dai in kasa kunne ko zan jiyo muryarsa daga nesa yana yi wa yara faɗa. Na rame a kan ramata. Ni kaina in na hau bene na ji zuciyata na bugawa sai in tsaya in riƙe ƙarfe, in fara kalmar shahada. Rannan ina kan keke tunani ya ɗauke ni, sai ji na yi ana ihu, ashe bakin kududdufi na nufa.

Malam Haruna ne ya tare ni wata Juma'a bayan masallaci. Ya ce, "Yaro, miyar da ake aiko maka tana dawowa yadda ta tafi. Mene ne?" Na kwashe komai na gaya masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Kai ma ka yi wauta. Wa ya gaya maka ana ce wa babba zai mutu? Babba ba ya zuwa asibiti don kansa, kunya ce a wurinsa. Amma ka ce kai ma kana da ciwon?"

Na ce ina da shi.

"Likitar taka tana son ganin jinin danginka?"

Na ce ƙwarai, ta sha tambaya.

Ya ce, "To ina ƙarya a nan? Ka daina ba shi umarni. Ka roƙe shi."

Na sa Hadiza ta kai masa waya ta ce Mannir ba shi da lafiya. Kafin ta rufe baki na ji muryarsa. "Me ya same ka?" Na ce, "Yaya, an auna ni an ce jinina da matsala. Ina shan magani, amma likita ta ce tana son ganin jinin ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ni da kowa sai kai."

Ya ce, "Kana cin abinci?"

Na ce ina ci.

"Ƙarya kake. A ina ake aunawar?"

Mutumin da ya ƙi raka ni tasha saboda huɗa, washegari da sassafe ya bar masara a zube a gona, ya hau babur ya tafi Funtuwa. Sakamakonsa ya fi nawa muni nesa ba kusa ba. Likitan can ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce lallai ya wuce Zariya a duba zuciyarsa. Ƙwayoyin ya karɓa, don na ce masa in yana sha ina sha za a fi gane yadda maganin ke aiki a jininmu. Zariya kuwa ya ce sai an gama girbi. Na yi magiya, na yi fushi, na haɗa shi da Allah. Ya ce, "Dawa ba ta jiran likita."

Ba a gama girbin ba. Ina tsakiyar aiki da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar gida, muryar Iya a sanyaye. Ta ce, "Mannir, jikin yayanka ya ɗan motsa. In da hali ka zo."

Kalmomin nan dai, ba a canza ko ɗaya ba. Na ce, "Iya, don girman Allah ki gaya mini gaskiya." Ta ce, "Da sauƙi." Na kira Hadiza, a kashe. Na zauna a daɓe a gaban kejin ɓeraye, a nan Farfesa Anika ta same ni. Matar da nake cewa ba ta iya gaisuwa ba, ita ta nema mini jirgi, ita ta kai ni filin jirgi a motarta. Da zan fita ta ce, "Ɓeraye za su jira ka. Ka ɗauki maganinka?"

Tafiyar nan ban ci ba, ban runtsa ba. Daga Abuja na shiga motar Zariya, duk waya ta yi ƙara a motar sai in zabura. Ni a raina ta'aziyya na taho karɓa, har na fara shirya abin da zan ce wa 'ya'yansa. Muna wuce Kaduna sai ga kiran Hadiza. Ta ce cajinta ne ya ƙare, kar in wuce Dandume, suna asibiti a Zariya. Na ce, "Yana numfashi? Hadiza, ki rantse." Ta ce, "Wallahi yana numfashi. Yanzu ma ya gama yi mini faɗa."

A baranda ta ba ni labari. A gindin dawa ya durƙusa, gumi kamar an watsa masa ruwa. Tsofaffi suka ce a kai shi gida a yi turare, wata ta kawo kanwa. Ita kuwa ta tsaya a hanya ta tare motar da ta zo ɗaukar hatsi, ta ce ko a sauke buhuna a ɗauki mijinta ko a bi ta kanta. Daga Funtuwa aka wuto da su Zariya. Likitoci sun ce wani sashe na zuciyar ya riga ya lalace, garma kam ya gama da ita har abada, amma da an ƙara jinkiri da ba wannan zancen ake ba.

Na shiga. Ga Yaya Lawal a kan gado, an liƙa masa wayoyi a ƙirji, ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi, ga agarar nan da Goggo Rabi ta yi wa guɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka ce kana cin abinci."

Na durƙusa a gefen gadon, kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Don kai na sa ka auna jinin, ba don ni ba."

Ya ce, "Yo ka ɗauka ban gane ba? Ni ka mayar yaro?" Ya numfasa. "Mannir, ni na ɗauko Baba daga gona a kafaɗata. Ni na ɗauko Baffa Isa daga bakin hanya. Da ake yi musu wanka ni ke riƙe ƙafafun. Kana zaton ban lura ba? Duk wanda Goggo ta yi wa guɗa, shi ake ɗaukowa. Ban san sunan abin ba, na ɗauka gonar ce ke cinmu."

Na ce, "To me ya sa ba ka bar gonar ba?"

"In bar ta ku ci me?" Ya juyar da kai wajen bango. "Kai dai na ce ba za ta samu ba. Kana ƙarami kowa yana cewa kamarka ɗaya da Baba, har tafiyarku. Na ce wannan in ya girma agara za ta nuna. Shi ya sa duk ka ɗauki fartanya nake ƙwacewa. In na ce maka tsoro nake ji, za ka tafi? Sai da gori. Ranar da ka zo hutu Goggo ta taɓa ƙafarka ta yi guɗa, kana ta washe baki, ni bayan rumbu na zagaya. Da ka samu Turai na ce alhamdulillahi, ya yi nisan da ba za ta kai gare shi ba. Ashe a ƙafarka ka tafi da ita."

Shekara da shekaru ina ɗauke da haushin mutumin nan a cikina, ina karatu don in nuna masa ni ba raggo ba ne. Na kama ƙafarsa na riƙe.

Ya ce, "Sakar mini ƙafa, ba Goggo ba ce kai. Gobe ka tafi gida. Duk wanda aka taɓa yi wa guɗa, da 'ya'yansa maza da mata, da nawa, ka tattara su ka kai Funtuwa a auna. Wanda ya ƙi, ka ce ni na ce. Iya kuma ka bar ni da ita."

Haka aka yi, mota biyu muka cika. Goggo Rabi tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallonmu muna fita, ta tsufa ƙwarai, ban san iyakar abin da ta gane ba. Na dai ga ta ɓoye hannuwanta a cikin zane.

Na koma Holan na ci gaba da aikina, yanzu rabi a kan ɓeraye, rabi a kan iyalai irin namu. Tsoro bai sake ni ba, kar in yi muku ƙarya, don na san abin da ke cikin ƙirjin Yaya, na san kamanninsa. Sai dai mun yi wata yarjejeniya da shi. Kullum in ya idar da sallar asuba ya haɗiyi ƙwayarsa, sai ya kira ni ya katse, ba ya yarda in ɗauka, wai kar a ƙona kati a banza. Ni ma in haɗiyi tawa in kira in katse.

Shekaranjiya gari ya waye wayar ba ta yi ƙara ba. Na zauna a bakin gado da ƙwaya a tafin hannu, na kasa sha, na kasa kira. Rana ta fito, Malam Haruna ya buɗe kanti a ƙasa, ina jin ƙarar wuƙarsa a kan katako. Can sai ga kira. Bai katse ba, ya ci gaba da ƙara. Na ɗauka.

Ya ce, "Kai raggo, barci ne ya kwashe ni. Ka sha naka?"